Neman gurbin digirin digirgir a sashen Ingilishi ga wanda karatunsa ya yi rassa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan na masu son yin digirin digirgir ne a sashen Ingilishi na jami'o'in Amurka, Birtaniya ko Kanada, alhali karatunsu na baya bai tafi a layi ɗaya ba. Wani ya fara da shari'a ya koma aikin jarida, wata ta shekara takwas tana aikin jinya kafin adabi ya ja ta, wani kuma digirinsa gauraye ne, tarihi kaɗan, falsafa kaɗan. Ƙa'idoji sun bambanta daga sashe zuwa sashe, kuma kusan kowace shekara ana taɓa su, saboda haka abin da ke rubuce a shafin sashen da kake nema shi ne alƙali.

Digirina na farko a shari'a ne, na biyu a aikin jarida. Za a ma buɗe takarduna kuwa?

Za a buɗe. Yawancin sassan Ingilishi a Amurka suna cewa ne a zo da digiri a Ingilishi ko a wani fanni mai alaƙa da shi, kuma wannan "alaƙa" tana da faɗi: tarihi, falsafa, nazarin addinai, harsuna, wasan kwaikwayo, har da shari'a. Shi kansa fannin da baƙi aka gina shi. I. A. Richards, wanda ya kafa salon karatun ƙwaƙwaf, wato bin matani kalma bayan kalma, a Cambridge cikin shekarun 1920, falsafa ya karanta. Ɗalibinsa William Empson kuwa da lissafi ya fara kafin ya koma adabi.

Sai dai ka san abin da ke zuciyar mai karanta takardunka. Malami ne da aka jibga wa ɗaruruwan takardu a ƙarshen zangon karatu, gurbin kuma a manyan sassa bai fi goma ko goma sha 'yan kai ba. Tambayarsa ɗaya ce: in an ba wannan mutum waƙa ko babi guda na ƙagaggen labari, zai iya zama a kai ya fito da abin da wani bai gani ba, ya kuma kare shi a rubuce? Wanda ya yi Ingilishi tun farko, takardar sakamakonsa ta amsa masa rabin tambayar. Kai kuwa dole ka amsa ta gaba ɗaya da rubutunka. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa wannan batu suke zagayawa.

Shin digirin na harshen Ingilishi ne ko na adabinsa?

Nan ne mutane da yawa ke yin ɓatan kai, musamman waɗanda suka fito daga jami'o'in da ake haɗa harshe da adabi a sashe guda. A Amurka, in aka ce sashen Ingilishi, galibi adabi da al'adu ake nufi: zamanin tsakiya, zamanin Shakespeare, ƙarni na 18, zamanin Sarauniya Victoria, adabin Amurka, adabin baƙaƙen fatar Amurka, adabin ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka, da sauransu. Wasu sassan suna da reshe na biyu, wato balaga da koyar da rubutu. Mai son nazarin nahawu, furuci ko tsarin jimla, gidansa sashen kimiyyar harshe ne. Mai son koyar da Ingilishi ga waɗanda ba harshensu ba ne, ya duba tsangayar ilimi ko kimiyyar harshe ta aikace. In ka aika takardar da ke magana kan koyar da nahawu a makarantun sakandare zuwa sashen da ke cike da masana waƙa, kuɗin fom kawai ka yi asara.

Mene ne bambancin Amurka da Birtaniya, kuma wanne ya fi dacewa da irina?

A Amurka digirin yana cin shekara biyar zuwa bakwai. Shekara biyun farko a aji ake yin su, ana semina ana rubuta maƙaloli. Daga nan sai babbar jarrabawa a kan jerin littattafan da ɗalibi ya tsara da malamansa, sai tsarin bincike, sannan a shiga rubuta kundi. Ana iya shiga da digiri na farko kawai.

A Birtaniya shekara uku ne zuwa huɗu, kuma babu zaman aji na a-zo-a-gani. Tun ranar farko kundi kake rubutawa, mai kalmomi 80,000 zuwa 100,000 gwargwadon jami'a, a ƙarshe ka kare shi baki da baki gaban masu jarrabawa biyu. Shi ya sa suke neman digiri na biyu da kuma cikakken tsarin bincike tun a wurin neman gurbi. Kanada tana tsakiya: akwai aji da jarrabawa kamar Amurka, amma yawanci sai da mastas ake shiga.

A ganina, wanda karatunsa ya yi rassa tsarin Amurka ya fi yi masa sauƙi, domin shekara biyun nan na aji su ne za su cike masa giɓi. Birtaniya ta fi dacewa da wanda ya riga ya san takamaiman abin da zai bincika, ya kuma san rumbun da takardun suke.

Dole ne sai na yi mastas a Ingilishi tukuna?

In Birtaniya ko Kanada ka nufa, kusan dole ne, ko dai a Ingilishi ko a fannin da ke maƙwabtaka da shi sosai. In Amurka ce, ba dole ba ne a dokance, amma ka yi wa kanka adalci. Wanda bai taɓa zama a ajin adabi na jami'a ba, ba shi da maƙalar adabi ko ɗaya, ba shi kuma da malamin adabin da ya san shi, mastas ce gajeriyar hanyarsa. Abu uku take bayarwa a shekara ɗaya ko biyu: rubutun da za ka aika, malaman da za su shaide ka, da damar gane ko wannan aiki kana sonsa da gaske.

Hattara da abu guda. Wasu manyan jami'o'i in sun ƙi ɗaukar mutum a digirin digirgir, sai su miƙo masa gurbin mastas na shekara ɗaya wanda shi zai biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Sunan jami'ar yana da daɗin faɗa, bashin kuwa yana daɗewa a wuya. Akwai jami'o'in jihohi a Amurka da ke ɗaukar nauyin ɗalibin mastas, shi kuma ya koyar da 'yan aji ɗaya. Waɗannan ka fara nema. In mastas ba za ta yiwu ba, kwas ɗaya ko biyu na manyan ɗalibai a wata jami'a, ko da ba da niyyar karɓar digiri ba, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Me ya sa kowa ke cewa samfurin rubutu ne komai?

Domin wannan maƙala taka da ake haɗawa da takardun nema ita kaɗai ce wurin da ba ka faɗar abin da za ka iya, yi kake a gani. Yawancin sassa suna neman shafi 15 zuwa 25, wasu ƙasa da haka. Ka bi iyakar da aka sa, kada ka ƙara ko shafi guda, kada kuma ka matse haruffa don ka yi wayo.

Abin da ake nema a ciki shi ne hujja guda da aka ɗora a kan matani, aka bi ta daki-daki, ana kuma muhawara da masanan da suka riga ka magana. Kuskuren da baƙin fanni suka fi yi shi ne mayar da littafi shaida kawai. Masanin zamantakewa zai ce labarin nan "ya nuna" talauci, lauya zai ce "ya nuna" zalunci, sai su tsallake su koma fanninsu. A sashen Ingilishi ba a tsallake kalmomin. A ce wata ma'aikaciyar jinya tana nazarin wani ƙagaggen labari na ƙarni na 19, ta iso wurin da likita ya shigo ɗakin mara lafiya. Sai ta lura cewa kafin shigowarsa mai ba da labari yana kiran matar da sunanta, amma daga sanda ya ajiye jakarsa sai ta zama "mara lafiyar", jimlolin ma suka juya, ta daina yi, sai dai a yi mata: an ɗaga ta, an juya ta, an ba ta. Da likitan ya fita, sunanta ya dawo. Wannan lura ta shafi ɗaya ta fi shafi goma na bayani kan tarihin asibitoci. Kuma ga inda rassan karatu ke amfani: shekarun da ta yi a bakin gadon marasa lafiya su suka sa idonta ya tsaya a wurin, amma nahawun jimlar ne hujjarta.

Richards yakan raba wa ɗalibansa waƙoƙi ba sunan mawaƙi ba shekara, ya ce su faɗi abin da suka gani. Ka gwada haka da kanka: ɗauki sakin layi guda, ka rufe duk littattafan sharhi, ka rubuta shafi biyu a kansa. In ya gagara, ka san inda aikinka yake.

Shafi biyun farko su ne wuƙa da nama. Mai karatu da ya gaji ba zai jira shafi na tara ya ji me kake cewa ba. Ka faɗi hujjarka da wuri, ka faɗi wanda kake ja da shi, sannan ka shiga aiki. Tsarin kawo madogara ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, ko na MLA (ƙungiyar malaman harsuna da adabi ta Amurka) ko na Chicago.

Ba ni da maƙalar adabi. In aika babi daga kundina na tarihi ko na shari'a?

In babin yana karanta matani da kyau, misali wasiƙu, jawabai, hukuncin kotu ko tarihin rayuwa, kuma yana kula da yadda aka faɗi abu, zai iya shiga bayan gyara mai yawa. In kuwa cike yake da alƙaluma, jadawali da amsoshin tambayoyin da aka raba wa jama'a, ajiye shi. Labaran jarida da gajerun labaran da ka ƙaga su ma ba sa maye gurbin maƙalar tarke, sai in shirin na ƙagaggen rubutu ne.

Rubuta sabuwa ya fi. Ka ware wata uku ko huɗu. Zaɓi littafi ɗaya ko biyu, ka nemo abin da aka rubuta a kansu a rumbunan mujallu na intanet irin JSTOR da Project MUSE, ka karanta maƙaloli goma zuwa sha biyar na shekarun baya-bayan nan, ka ga inda aka bar ƙofa a buɗe. In ka gama, ka ba wanda ya san fannin ya karanta, wanda ba zai ji nauyin ce maka shafi biyar ɗin farko shara ne ba.

Yaya zan bayyana wannan yawo nawa a takardar manufa?

Takardar manufa, wato wadda kake bayyana abin da kake son bincika da dalilinka, ba ta wuce shafi ɗaya zuwa biyu, kalmomi 500 zuwa 1,000 a mafi yawan wurare. Masu irin tarihinka sukan faɗa ɗaya daga rami biyu. Na farko shi ne ban haƙuri: rabin takardar ya tafi wajen bayanin dalilin da ya sa ba a yi Ingilishi tun farko ba, kamar mai laifi gaban alƙali. Na biyu shi ne baje koli: na yi shari'a, na yi jarida, ina son falsafa, ina son fim, ina son waƙa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

Kwatanta waɗannan mabuɗai biyu. Wani ya fara da cewa tun yana yaro yake son karatu, littattafai ne abokansa, kuma ko da yake ƙaddara ta kai shi shari'a, zuciyarsa tana wurin adabi. Mai karatu ya ga irin wannan sau ɗari kafin azahar. Wani kuma ya fara da cewa yana son ya binciki yadda ƙagaggun labaran da aka rubuta bayan hukumomin sauraron ba'asi, irin wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990, suke sarrafa muryar mai ba da shaida: wa aka bari ya yi magana da bakinsa, wa aka taƙaita, kuma me labari ke iya ɗauka wanda rahoton hukuma ya zubar. Sai a sakin layi na biyu ya ce shekara huɗun da ya yi yana rubuta bayanan shaidu su suka koya masa cewa duk shaidar da ta hau takarda an riga an yi mata aski. Jimla biyu kacal a kan tarihinsa, amma yanzu shari'ar ta zama kayan aiki a hannunsa.

Haka za ka yi. Tambayar bincike a gaba, tarihinka a bayanta, kuma daga tarihin ka ɗauki abin da ya yi wa tambayar hidima kawai. Shekara biyun da ka yi a banki, in ba su da alaƙa, su zauna a takardar tarihin aiki. Ka ambaci zamanin da kake son ƙwarewa a kai da nau'in adabin, domin kwamitocin ɗaukar ɗalibai da yawa da wannan suke rarraba takardu ga masu karantawa. Sakin layi na ƙarshe kuma na wannan sashe ne shi kaɗai: malamai biyu ko uku da aikinsu ya haɗu da naka, da dalilin haɗuwar, da wani rumbun takardu ko cibiya da ke jami'ar in akwai. Ka tabbata malaman suna nan, ba su yi ritaya ko ƙaura ba. Ka kuma duba sunan jami'ar sau biyu kafin ka aika; barin sunan wata jami'a a takardar wata abu ne da ke faruwa kowace shekara.

Wasu jami'o'in suna neman takarda ta biyu a kan rayuwarka da abin da ka sha kafin ka iso nan. Labarin yarinta da wahalar hanya can ne muhallinsu.

Ga masu neman Birtaniya fa?

Su tsarin bincike za su rubuta, yawanci kalmomi 1,000 zuwa 2,000: tambaya, abin da masana suka riga suka ce, matanonin da za a nazarta, hanyar nazari, da yadda aikin zai ƙare cikin shekara uku. A can ana so ka nemi malamin da zai duba aikinka tun kafin ka cike fom, kuma sau da yawa shi zai taya ka gyara tsarin.

To a Amurka ma in rubuta wa farfesoshi?

Ba dole ba ne. A sassan Ingilishi na Amurka kwamiti ne ke ɗauka, malami ɗaya ba ya ba da gurbi kamar yadda ake yi a ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya. In kana da tambaya ta gaske, rubuta imel gajere, layi biyar ko shida. In ba a amsa ba, kada ka ɗauka da zafi. Tambayoyin ƙa'ida, irin su ko digirinka ya cika sharaɗi, daraktan karatun manyan digiri na sashen ake yi wa su. Ɗaliban da ke cikin shirin kuwa su ne za su gaya maka abin da ba a rubutawa a shafi.

Malaman da suka san ni ba na adabi ba ne. Wa zai rubuta mini wasiƙar shaida?

Uku ake nema a mafi yawan wurare. Ka yi ƙoƙari aƙalla ɗaya ta fito daga malamin adabi, biyu in da hali. Sauran su zo daga malaman jami'a da suka karanta dogon rubutunka, ko da na tarihi ne ko falsafa. Wasiƙar shugabanka a wurin aiki ba ta da nauyi sosai, domin zai ce kana zuwa a kan lokaci kuma kana da ladabi, kwamitin kuwa ba wannan yake tambaya ba. Ƙaramin malami da ya san rubutunka ciki da bai ya fi babban farfesan da zai rubuta layi huɗu.

Ka nemi alfarmar da wata biyu a gaba. Ka haɗa musu samfurin rubutunka, takardar manufa, jerin jami'o'i da ranakun rufewa, har da tsohuwar maƙalar da ka rubuta a ajinsu in shekaru sun ja. Malamin da ya saba rubuta "ɗalibi ne mai hazaƙa da biyayya" ya tsaya, ka yi masa bayani cikin ladabi cewa a can ana son shafi ɗaya ko biyu masu misalai. Fom ɗin Amurka zai tambaye ka ko ka yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar, haƙƙin da wata dokar 1974 ta ba ɗalibai. Ka yafe. Wasiƙar da aka san mai ita zai karanta ba a cika yarda da ita ba.

Sakamakona na digirin farko bai yi kyau ba, kuma na shekara goma rabona da aji.

Shekarun ba matsala ba ne, ana ɗaukar 'yan shekara talatin da arba'in. Sakamako kuwa, makarantun manyan digiri da yawa a Amurka suna sa matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0 a matsayin mafi ƙaranci, a Birtaniya kuma ana neman babbar daraja ta biyu zuwa sama, tare da sakamako mai ƙarfi a mastas. In faɗuwar a kimiyyar haɗa magunguna ce shekara goma sha biyu da suka wuce, sabon sakamako mai kyau a kwasa-kwasan adabi zai rufe ta. In akwai dalili, kamar rashin lafiya, jimla ɗaya ta isa. Wasu jami'o'in suna so a tantance takardun ƙasashen waje ta hannun hukuma irin WES, wannan kuma yana cin makonni, wani lokaci watanni, don sai tsohuwar jami'arka ta aika da kanta.

Waɗanne jarrabawa zan rubuta?

GRE jarrabawa ce ta neman shiga karatun manyan digiri a Amurka. Reshenta na musamman a kan adabin Ingilishi, wanda ya daɗe yana firgita baƙin fanni, an daina shi a 2021. GRE ta gama-gari ma sassa da yawa sun yafe ta. Kada ka biya kuɗinta sai ka ga sashen da kake so ya nema.

TOEFL ko IELTS, jarrabawar gwada iya Ingilishi, kuwa ya danganta da ƙasarka da harshen da aka koyar da kai. Wasu jami'o'in suna yafewa in da Ingilishi ka yi digiri, wasu ba sa yafewa ko da ka rantse. Sassan Ingilishi sukan sa maki sama da na sauran sassa, a IELTS 7.0 ko 7.5. Sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu, saboda haka kada ka yi gaggawar rubutawa.

An ce sai na iya wani harshe bayan Ingilishi?

A Amurka da Kanada, yawancin shirye-shirye suna so kafin ka fara kundi ka nuna kana iya karanta harshe ɗaya ko biyu. Karatu ake nufi, yawanci fassara sakin layi da ƙamus a hannu. Mai nazarin zamanin tsakiya zai buƙaci Latin da tsohon Ingilishi. Ga mai nazarin adabin Afirka ko na Asiya, Faransanci, Larabci, Swahili, Hausa ko Hindi jari ne babba, kuma sassa da yawa suna karɓar harshen da ya dace da binciken. Mutane sukan manta su rubuta harshen da suka tashi da shi, wai ai ba a makaranta suka koya ba. Rubuta shi, ka kuma faɗi abin da zai ba ka damar karantawa wanda sauran masu nema ba za su iya ba.

Sai na haddace duk ra'o'in tarke kafin in nema?

A'a. Ka san manyan mazhabobin sama-sama, ka san biyu ko uku da suka shafi aikinka da kyau. Cusa sunayen masana a kowane sakin layi alama ce ta mai jin tsoro. Abin da ya fi amfani shi ne ka ɗauki mujallu biyu na fagenka, misali PMLA da Research in African Literatures ga mai adabin Afirka, ka karanta fitowar shekara uku ta baya. A nan za ka ji yadda mutanen gidan ke magana yanzu, da abin da suka gaji da ji.

Anya sashen Ingilishi ne ma ya dace da ni?

Tambaya ce mai kyau, kuma gara ka yi ta yanzu. Fannin ya buɗe ƙofofi da dama: adabi da shari'a, adabi da likitanci, adabi da muhalli, tarihin littafi da ɗab'i, nazarin matani da kwamfuta. Amma a kowannensu matani ne a tsakiya. In ka ga kullum hankalinka yana barin littafin ya tafi wani wuri, duba sashen kwatanta adabi in kana da harsuna, ko shirye-shiryen da aka gina don masu haɗa fannoni, irin Modern Thought and Literature a Stanford, History of Consciousness a Santa Cruz, da sashen balaga na Berkeley. Ka dai sani cewa jami'o'i sashe-sashe suke ɗaukar malamai, kuma mai digirin haɗaka yakan sha tambayar "kai na wane gida ne?"

Jami'o'i nawa zan nema, kuma wa zai biya karatun?

Takwas zuwa goma sha biyu shi ne abin da mutane da yawa ke yi a Amurka, in aljihu ya ɗauka, domin kowane fom yana cin kusan dala 70 zuwa 120. Ana yafe wa wasu, amma sai an tambaya da wuri. Kada ka zaɓa da suna kawai. Nemi inda aƙalla malamai biyu za su iya duba aikinka, don ɗaya zai iya tafiya. Ka kuma karanta sanarwar shekarar: a 2020 sassa da dama sun dakatar da ɗauka saboda annobar korona, sashen Ingilishi na Jami'ar Chicago kuma ya ce a wannan zagaye masu nazarin adabi da al'adun baƙaƙen fata kaɗai zai ɗauka.

Shiri mai kyau a Amurka yana yafe kuɗin makaranta, ya ba da alawus da inshorar lafiya na kimanin shekara biyar, kai kuma ka koyar, galibi darasin rubutu na 'yan aji ɗaya. Ka tambayi aji nawa za ka koyar a zango, da abin da ke faruwa a shekara ta shida. A Birtaniya samun gurbi daban, samun kuɗi daban: akwai tallafin AHRC, hukumar Birtaniya mai tallafa wa bincike a fannonin adabi da tarihi da makamantansu, da Commonwealth, da Gates a Cambridge, da Clarendon a Oxford, kuma gasar tana da zafi. Shawarata a nan ba ta da kwana: kada ka ci bashi don digirin digirgir a adabi.

Yaushe zan fara shiri?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin sassan Amurka suna rufe karɓa a Disamba, wasu farkon Janairu, don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba. Tallafin Birtaniya ma tsakanin Disamba da Janairu ne, wasu tun Oktoba. Ke nan mai rubuta sabuwar maƙala ya fara tun Maris ko Afrilu, ya gama zubin farko kafin Agusta, ya nemi wasiƙu da takardun sakamako a Satumba, ya bar Oktoba da Nuwamba don gyara. Amsa tana fitowa Fabrairu zuwa Maris. Jami'o'in Amurka da yawa sun yi yarjejeniya cewa ba za a tilasta wa wanda aka ba tallafi ya amsa kafin 15 ga Afrilu ba, don haka wanda ke jerin jira yakan ji labari dab da wannan rana.

Akwai aiki bayan an gama?

Aikin koyarwa na dindindin a jami'a ya yi wuya ƙwarai. Guraben da ake tallatawa a jerin ƙungiyar MLA sun ragu da fiye da rabi cikin shekara goma bayan rikicin tattalin arziki na 2008. Da yawa daga masu digirin suna ƙarewa a koyarwar kwantiragi, ɗab'i, ɗakunan karatu, gudanar da jami'a ko ƙungiyoyi. A nan mai tsohuwar sana'a ya fi abokan karatunsa kwanciyar hankali, don yana da wurin komawa. Kada ka bar lasisinka na aiki ya mutu. Kafin ka karɓi gurbi, nemi sashen ya nuna maka inda ɗalibansa na shekara biyar da suka wuce suke aiki yanzu.

In duk suka ƙi ni fa?

Yana faruwa, har ga waɗanda daga baya suka samu gurbi a wuri mai kyau. Wani lokaci dalilin bai shafe ka ba: an ɗauki mutum biyu a fagenka bara, ko malamin da zai duba ka yana hutun bincike. Sassa ba su cika faɗin dalili ba, amma wanda ya kai jerin jira zai iya tambaya cikin ladabi bayan Afrilu. In za ka sake nema, kada ka aika kaya iri ɗaya. Fara da samfurin rubutun: ba wani malamin adabi shafi biyun farko kawai, ka ce ya faɗa maka hujjarka a jimla ɗaya. In ya kasa, daga nan gyaran zai fara, kuma kana da daga Mayu zuwa Nuwamba.